Ranar da Na Hana Kifi Gaisawa da Ruwa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in goge daga rayuwata, da na zaɓi wata magana da na faɗa a ƙofar gidan Bulaman wani ƙauye arewa da Ɗanzomo, a shekarar babban fari. Ya tambaye ni abin da ya kashe kifin tafkinsu. Ban sani ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce shanu ne. A kan wannan magana aka hana wani bawan Allah da garkensa ruwan da ya rage musu.

Sunana Idi, a da ana ce mini Idi Mai Tulu. Iyakar karatuna aji huɗu na elemantare a Gumel. Na rubuta wannan ne saboda samarin unguwarmu da ke kiwon kifi a tankunan roba, suna ganin abin ba komai ba ne, a zuba ruwa, a zuba kifi, a watsa abinci. Mu ma haka muka gani.

Sana'ar tawa ita ce ɗauko 'ya'yan kifi daga gaɓar kogin Haɗeja in kawo su tafkunan ƙasarmu. Mu nan ba mu da kogi. Abin da muke da shi tafki ne da damina ke cikawa, wani ya ƙafe da kaka, wani ya kai tsakiyar ɗari, mai zurfi ya leƙa bazara. Idan aka zuba ƙananan karfasa da tarwaɗa da damina, aka riƙa watsa musu dusa, kafin ruwan ya janye sun isa ci. Ranar kamu gari duka ake fitowa, ni kuma a ba ni kasona, mata masu suya na kasuwar Maigatari su kwashe ranar Alhamis. Masu kirana Bulamomi ne da masu unguwa, daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Kayan aikina ba su da yawa: tuluna shida sababbi, buhunan da nake jiƙawa in naɗe su, koma ta kwasar kifi, ƙwarya biyu, da igiya. Tsohon tulu ba ya yi, don ya daina tsatsafo, kuma tsatsafon nan shi ke sanyaya ruwa. A mota nake ɗoro su zuwa Gumel, daga nan amalanke.

Damina biyu na yi ina koyo a hannun wani tsohon masunci, Baba Na'iya. Mutum ne da ba ya bayani. Idan ka yi daidai ya yi shiru, idan ka yi kuskure ya ce, "Ɗan boko ke nan." Shi ya koya mini rage kifi a tulu idan sun fara ɗago baki sama, da hana su abinci kwana guda kafin tafiya. Amma akwai wani abu da yake yi wanda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Duk lokacin da muka kai kifi wani ruwa, ba ya juye su. Sai ya naɗe wando, ya kutsa har cinya, ya zaunar da tulun cikin ruwan zuwa wuya, ya riƙe. Ya ɓare goro ya ci. Can ya ɗebi ruwan tafkin da ƙwarya ya zuba kaɗan a tulu. Ya jira. Ya ƙara. Bakinsa na motsi. Sai bayan kamar tsawon sallar Juma'a da huɗubarta ya karkata tulun, kifin su fita da kansu.

Wata rana na gaji da tsayuwa na ce, "Baba, wai me muke jira?"

Ya ce, "Gaisawa suke yi."

"Su wa?"

"Kifi da ruwa. Kai idan ka je garin mutane, kutsa kai kake yi cikin gida?"

Na yi dariya a ciki. Na san masunta da camfe-camfe, na kuma ɗauka motsin bakin nan wata magana ce yake yi da mutanen ruwa. Ni kuwa na yi allo, na yi boko. Da na koma gida na kama aikin kaina, na riƙe duk abin da ya koya mini, ban da gaisuwa.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa wani ma'aikacin gona ne da ya yi kwas a ƙasar Turawa, Malam Sani. Ya same ni wata safiya a wani kududdufi bayan gari a Gumel, da wani ɗan gilashi mai jan zare a ciki, na auna zafi. Ya ba ni labarin tafkunan can. Ya ce da sanyinsu saman ruwa daskarewa yake yi har yara su taka, kifi kuma su kwanta a ƙasa, don can ƙasan ne ya fi ɗumi. Da zafinsu kuma sai abin ya juye, sama ɗumi, ƙasa sanyi. Ya ce sau biyu a shekara ruwan kan gauraye, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka.

Na ce, "To mu fa, Malam?"

Ya ce, "Ku ai kun huta. Tsakanin daminarku da ɗarinku bambancin bai kai nasu ba. Naku yana tsakanin asuba da la'asar."

Rabin farko na maganar nan na ji. Rabin ƙarshe ya wuce ta kan kunnena, sai bayan shekaru ya dawo mini. Kuma ya ƙara rikita ni da gilashinsa. Ya ce in sa hannu. Na sa, na ce ruwan da ɗumi. Kowace mace da ke ɗiban ruwa da sassafe ta san ruwan tafki da ɗumi yake a lokacin. Shi kuma ya tsoma gilashi ya ce a'a, yanzu ne ya fi kowane lokaci sanyi a yini. Ya ce hannuna ne ya yi sanyi da iska, shi ya sa. Na koma gida ina tunanin, idan hannu na ƙarya, kuma ba ni da gilashi, to da me zan auna? Sai na bar aunawa gaba ɗaya.

Shekara uku ina aiki ba gaisuwa, ba kuma asara mai yawa. Yanzu na gane dalili. Tafkunan cike suke, sama da hadari, kuma yawanci a Gumel nake kwana in isa ƙauye da hantsi. Allah ne ya rufa mini asiri, ni kuma na ɗauka iyawata ce.

A waɗannan shekaru na saba da wani Bafulatani mai suna Hammadi, wanda ke shayar da shanunsa a tafkin ƙauyen da na ambata. Ubansa ma a nan ya shayar. Yana da shanu wajen talatin, da wata farar saniya mai karyayyen ƙaho da ba ta rabuwa da shi. Ba ya cin kifi, ko warinsa ba ya so. Da ya hango ni da amalanke sai ya ɗaga sanda.

"Kaɗo mai kiwon tsutsa! Yau ma ka kawo garkenka?"

In ce, "Garkena ba ya cin gonar kowa."

"To tatso mana mu sha."

Matarsa Inna Wuro takan ba ni kindirmo a ƙwarya, ta ce in sha daga nesa kada ƙarni ya kama ƙwaryar.

Shekarar farin, ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Ƙananan tafkuna suka bushe, na ƙauyen nan ma ko rabi bai kai ba. Bulama ya aiko mini. Ya ce hatsi ba zai yi ba bana, ko kifi ne a samu a sa wa yara a miya. Na je kogi da ƙyar na haɗa tulu shida, don can ma ruwan ya ja baya. Iska a bushe take, rana kamar bazara a tsakiyar damina. Na ji tausayin kifin, na yi musu abin da ake yi wa baƙo mai daraja: kowane zango sai na sake jiƙa buhunan, na yi musu rumfa da zana a kan amalanke. Idan ka sa hannu a tulu har haƙoranka za su yi sha'awar ruwan. Ina ta yabon kaina.

Ban kwana a Gumel ba, don ina tsoron kada su daɗe a tulu. Muka isa bayan azahar. Mutanen gari suka biyo amalanke har bakin tafki. Ban shiga ruwan ba. Daga gaɓa na tsaya, inda ruwan bai wuce idon sawu ba, na juye tulu shida ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya fallatsa mini a ƙafa, na ji shi kamar wanda aka sirka don wankan jego. Na ji, amma ban tsaya a kai ba.

Ga abin da na gani, kuma shi ne abin da na ɓoye. Kifin ba su nutsa sun ɓace kamar yadda suka saba ba. Wasu suka riƙa juyi wuri ɗaya kamar an ɗaure su. Wasu suka kwanta a gefe, suka miƙe, suka sake kwantawa. Wata tsohuwa ta ce, "Malam Idi, lafiya suke kuwa?" Na ce gajiyar hanya ce.

Da la'asar sakaliya Hammadi ya iso da shanu. Ba su tsaya a gaɓa ba, suka kutsa har cikinsu ya taɓa ruwa, suka dama laka. Na ce masa, "Kai Fillo, janye su mana, yanzu na zuba kifi."

Ya ce, "Ka taɓa ganin saniya ta sha ruwan bakin tafki da rana irin wannan? Na baki ya dahu. Mai sanyi yana can ƙasa. Shanu sun fi Kaɗo wayo."

Na ɗauka tsokana ce irin tamu.

Washegari da safe gaɓar tafkin ta yi fari fat da cikin kifi. Yara na tsinta a kwano, ko girman yatsa ba su kai ba. Aka kira ni ƙofar Bulama, dattawa zaune a tabarma, aka kira Hammadi shi ma. Bulama ya ce, "Malam Idi, kai ne masani. Me ya kashe su?"

Kaina ya ɗaure. Tulunan sababbi ne. Ruwan ciki mai sanyi ne. Da ransu na kawo su, kowa ya gani. Na duba ko'ina ban ga laifina ba, amma kuma juyin nan da suka yi tun kafin shanu su zo yana tsaye a raina. Idanu duk suna kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, shanu ne suka dama laka ta toshe musu numfashi."

Hammadi ya dube ni, ya ce, "Idi, tsakaninka da Allah?"

Ba a ma jira amsata ba. Da ma akwai masu ganin ruwan ba zai ishi gari da garke ba, sun rasa abin kamawa ne kawai, don kowa ya san hakkin shayarwar nan tun kakanni. Ni na ba su. Kafin azahar an fara saran ƙaya don kewaye tafkin. Hammadi ya roƙa a bar masa kusurwa ɗaya, ko da maruƙa da masu ciki ne. Wani dattijo ya ce ai masani ya yi magana. Rijiyar garin gaba ashirin ce da wani abu, mata na kwana layi a kanta, ba mai barin garke ya matso. Bayan kwana uku ya kaɗa shanunsa ya yi kudu.

Abin da ya ƙara dulmuyar da ni shi ne kaya na biyu. Na koma kogi na samo tulu huɗu. Wannan karon motar ta makara, dole na kwana a Gumel, na isa ƙauyen rana ba ta ɗaga ba. Na juye su daga gaɓa kamar na farko. Suka nutsa, suka rayu. Gari ya ɗauka, aka ce ga shi nan, da aka kori shanu kifi ya zauna. Ni kaina na yarda. Na yi ta faɗa a wasu garuruwa, har wasu Bulamomin suka yi koyi, suka sa ƙaya.

Kifin nan ma ba su yi albarka sosai ba. Da ɗari ya shigo ruwan ya koma iya gwiwa, suka daina cin dusa. Wata safiya mai tsananin sanyi muka tarar da karfasa da yawa sun mutu, tarwaɗa kuwa sun shige laka lafiya lau. Na tsaya ina kallo. Ba shanu, ba rana. Zafi na kisa, sanyi na kisa, kuma Malam Sani ya ce mu mun huta. Ban san wa zan tambaya ba.

Damina ta gaba aka kira ni wajen Gagarawa, wani ramin da masu aikin hanya suka haƙa ya tara ruwa. An kewaye shi da ƙaya, ko akuya ba ta shiga. Ranar an yi kwana biyar ba ruwa, rana tsaka na isa. Na juye. Ina tsaye suka fara juyin nan, irinsa sak. Kafin magariba sun taso. Na duba hagu da dama, babu saniyar da zan ɗora wa.

Ban koma gida ba, na wuce wurin Baba Na'iya. Washegari da rana na same shi a bakin kogi yana gyaran koma a inuwa. Na kwashe komai na faɗa masa, ban da maganar Hammadi. Bai ɗago ba ya ce, "Sun gaisa?"

Na ce, "Baba, ni fa ban iya abin da kake faɗa musu ba."

"Me nake faɗa musu?"

"Na ga bakinka na motsi."

Ya ajiye koma ya dube ni. "Goro nake ci, ɗan boko."

Ya tashi ya ja ni bakin ruwa. Ya sa aka kawo ruwan randa a ƙwarya, ya ce in tsoma hannun dama a ciki in bar shi. Can ya ce in cire in tsoma a ruwan gaɓa. Na fizge hannuna. Ya ce, "Kai ke nan, mai fata da gashi. Shi kuwa ɗan kifi jikinsa ruwan da yake ciki ne. Ka fitar da shi daga randa ka jefa shi tukunya." Sannan ya sa na kutsa har ƙugu. Cinyata na jin ɗumi, tafin ƙafata na jin sanyi, a ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. Ya ce, "Hannu ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Ɗaya a tulu, ɗaya a tafki. Ranar da suka ce maka abu ɗaya, ka sake su."

A nan maganar Malam Sani ta dawo mini, asuba da la'asar. Maganar Hammadi ma ta dawo, na baki ya dahu. Mutum uku sun faɗa mini abu ɗaya, kowa da irin bakinsa, har shanu sun nuna mini. Ni da na yi aji huɗu ban haɗa ba. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi mini bayani ba tun farko?" Ya ce, "Damina biyu kana tsaye a ruwan nan tare da ni. Ƙafarka ba ta gaya maka ba?"

Na je wurin Bulaman da ya kori Hammadi na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Malam Idi, abin da ya wuce a bar shi. Ka tayar da wannan yanzu, ka kunyata dattawa." Ƙayar ba a cire ta ba. Ni ma ban matsa ba, wannan kuskure na biyu ke nan.

Sai bayan shekara huɗu na ga Hammadi, a kasuwar shanu ta Maigatari. Yana riƙe da igiyar wani bijimi, mai shi na ciniki. Ya rame. Shi ya fara ganina.

"Kaɗo mai tsutsa. Kana nan?"

Na ja shi gefe, na tambayi Inna Wuro, ya ce tana nan. Na tambayi shanu. Ya ce guda huɗu suka kai kogi, daga baya su ma aka sayar aka ci. Yanzu na mutane yake kora. Na ce farar nan mai karyayyen ƙaho fa? Ya ce a kwana na biyu na tafiyar ta kwanta.

Na ce, "Hammadi, ba shanunka ne suka kashe kifin nan ba. Ni ne. Kuma na ga alama tun kafin ku iso."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Ban san kifi ba, amma na san ruwan nan. Na kuma ga fuskarka a ƙofar Bulama."

Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon bijimin. Ya ce, "Waɗanda ba a kora ba ma nasu sun mutu a shekarar. Wataƙila da na zauna, tafkin ya ƙafe a kanmu. Wataƙila kuma da rabi sun kai. Ni ban sani ba, Idi. Ka ga, ni na iya faɗin haka." Mai bijimi ya ƙwala masa kira, ya ja igiya ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ban sake ganinsa ba.

Na ci gaba da sana'ar har ƙarfina ya ƙare, kuma ban ƙara juye tulu daga gaɓa ba. Da sassafe nake isa. In kutsa har cinya, in zaunar da tulu, in ɓare goro, hannu ɗaya ciki, ɗaya waje. Mutane na cewa Idi ya koma camfin masunta, na bar su. Har yau akwai abin da ban gane ba. Ban gane yadda ƙasan ruwa yake ɗumi a ƙasar Turawa ya zama sanyi a tamu ba. Ban gane dalilin da wani ruwan sama mai sanyi kan sauka bayan kwanakin zafi, washegari a tarar da manyan kifi sun taso ba, ko da yake wani ya ce mini gaurayewar nan ce da Malam Sani ya faɗa, mu a yini ɗaya take yi mana. Ban kuma san shanu nawa ne a wuyana ba, nawa ne na fari.

Kwanan baya na ga wani cikinku, ku samarin unguwarmu, ya kawo 'ya'yan kifi a jarka daga Kano, da rana tsaka, zai juye a tankin da ya yini a rana. Na ce ya dakata. Ya ce, "Baba, ai ruwa ruwa ne." Don shi na zauna na rubuta wannan.

Ina roƙonku abu biyu. Ku sa jarkar cikin ruwan ku jira, ku sirka kaɗan-kaɗan, ba abin da zai ƙone a gida kafin ku gama. Na biyu ya fi na farko. Ranar da kifi ya mutu, aka tara mutane, aka ce kai ne masani, me ya kashe su, idan ba ka sani ba, don Allah ka ce ba ka sani ba. Akwai wanda ke tsaye a gefe da sandarsa, ruwan shansa yana bakinka.